Kalmomi Huɗu da Suka Tayar da Gwamnati Daga Barci: Tarihin Gangamin 'Yan Matan Chibok

 Maƙalarmu ta wannan mako tarihi ce, kuma tarihi ne da akasarinmu muka gani da idonmu a fuskar waya. Sau da yawa ana muhawara a tsakaninmu a kan ko rubutun da ake yi a shafukan sada zumunta yana canja wani abu a ƙasa, ko kuwa ihu ne kawai bayan hari. Maimakon mu tsaya ga ra'ayi, bari mu ɗauki gangami guda ɗaya wanda ya faro daga wani abu da ya faru a Arewa, mu bi shi daga farkonsa, mu ga abin da ya iya yi da abin da ya fi ƙarfinsa. Gangamin shi ne na #BringBackOurGirls, wato a dawo mana da 'yan matanmu.

Kafin a zo Chibok

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001. Cikin shekara goma ta tashi daga kayan alfarmar masu kuɗi ta koma abin da ɗan acaɓa da mai shayi ke riƙe da shi. Gwajin farko na abin da wannan waya za ta iya yi a harkar jama'a ya zo a watan Janairun 2012, lokacin da gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur a ranar farko ta shekara, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kusan naira 141. Matasa suka riƙa kiran juna ta BlackBerry da Facebook da Twitter. A Kano an taru a shataletalen Silver Jubilee, inda hoton Kiristoci suna gadin Musulmi suna sallah ya bazu ko'ina. Bayan yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago na kusan mako guda, gwamnati ta sauko da farashin zuwa naira 97. Masu amfani da intanet a Najeriya sun fita daga wannan gwagwarmaya da sanin cewa waya tana iya tara mutane a kan titi.

Sai dai Arewa maso Gabas tana cikin wani hali na daban. A watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka kuma katse layukan waya a jihohin na wani lokaci. Ana kashe mutane a ƙauyuka, labarin bai isa Abuja sai bayan kwanaki, in ma ya isa. A ranar 25 ga Fabrairun 2014 'yan Boko Haram suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi a jihar Yobe da daddare, suka kashe gomman ɗalibai maza a ɗakunan kwanansu. Jaridu sun buga, an yi Allah wadai na kwana biyu, aka wuce. Ku riƙe sunan Buni Yadi, za mu dawo gare shi.

Daren 14 ga Afrilu

Da safiyar Litinin 14 ga Afrilun 2014 bam ya tashi a tashar motar Nyanya da ke gefen Abuja, ya kashe mutum fiye da 70. Hankalin 'yan jarida duk ya koma can. A daren wannan rana ce mahara suka shiga garin Chibok a kudancin Borno, suka isa Makarantar Sakandaren 'Yan Mata ta Gwamnati. An riga an rufe makarantun jihar saboda tsaro, amma an buɗe wannan don ɗalibai su rubuta jarrabawar kammala sakandare. Maharan sun zo da kayan soja, suka ce wa yaran sun zo kare su ne. Suka kwashi abinci, suka ƙona gine-gine, suka loda ɗalibai a manyan motoci suka nufi dajin Sambisa. Wasu yaran sun yi ta maza suka diro daga mota cikin duhu, wasu suka sulale a kwanakin farko.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin abin da ya haifi gangamin. Kwana biyu da satar, hedikwatar tsaro ta fitar da sanarwa cewa an kuɓutar da dukkan yaran in ban da takwas. Shugabar makarantar da iyayen yara suka ce sam ba haka ba ne, sojoji suka janye sanarwar. Adadin waɗanda aka sace ma ya riƙa sauyawa daga baki zuwa baki: yau a ce ɗari, gobe a ce 129, jibi a ce fiye da 200. Iyaye maza suka haɗa kuɗin mai, suka hau babura da kwari da baka suka kutsa daji da kansu, suka dawo hannu rabbana bayan an gargaɗe su cewa ba za su fito da rai ba. A Abuja kuwa shugaban ƙasa bai ce uffan a bainar jama'a ba, wasu magoya bayan gwamnati ma suna raɗe-raɗin cewa ba a saci kowa ba, shiri ne na 'yan adawa don zaɓen 2015.

Yadda kalmomin suka fito

Ga wani abu da ya kamata ya ja hankalinmu mu marubuta: a taron littattafai aka haifi wannan kira. Hukumar UNESCO ta zaɓi Fatakwal a matsayin babban birnin littafi na duniya na shekarar 2014. A bikin buɗewa, ranar 23 ga Afrilu, tsohuwar ministar ilimi Oby Ezekwesili ta tsaya a gaban taro ta nemi a dawo da yaran. Wani lauya a Abuja, Ibrahim M. Abdullahi, yana kallon jawabin a talabijin, sai ya ɗauki kalmomin ya manna su wuri guda da alamar maudu'i, ya wallafa a Twitter. Oby ta yaɗa, mabiyanta suka ɗauka. Kwana tara ke nan da satar.

Ku dubi ginin jumlar. Kalmomi huɗu ne na Turanci, kuma umarni ne kai tsaye. Akwai wanda ake magana da shi, wato gwamnati. Akwai abu guda da ake nema, wanda kowa zai iya tantance an yi shi ko ba a yi ba. Sannan akwai kalmar mallaka, “namu”, wadda ta mayar da 'ya'yan manoman Chibok 'ya'yan duk wanda ya furta ta. Da a ce kiran ya kasance “a gyara tsaro” ko “a daina zalunci”, da kowane jami'i zai iya amsa cewa ana kan ƙoƙari, magana ta mutu. Wannan kuwa amsarsa ɗaya ce: ina yaran?

Maudu'in bai tsaya a waya ba. Hadiza Bala Usman, 'yar masanin tarihi Dakta Yusufu Bala Usman, ta tuntuɓi mata irin su Maryam Uwais da Saudatu Mahdi da ita Oby, suka sa ranar 30 ga Afrilu don tattaki zuwa Majalisar Tarayya. Aka fito cikin jajayen kaya, ruwan sama yana dukan mutane, tare da iyaye da 'yan asalin Chibok mazauna Abuja. Daga ranar suka mayar da dandalin Unity Fountain wurin zamansu na kullum da yamma. Aisha Yesufu, 'yar kasuwa da ta tashi a Kano, tana cikin waɗanda muryarsu ta yi fice a wannan zama. Sun tsara wa kansu dokoki: ba zagi, ba tashin hankali, ba karɓar kuɗi daga kowa. Sun kuma ɗauki wata ɗabi'a mai sauƙi wadda ta zame wa gwamnati ƙarfen ƙafa, wato ƙirga kwanaki. Kowace safiya sai a wallafa lambar ranar: kwana 30, kwana 100, kwana 500. Lambar tana ƙaruwa da kanta ko da babu sabon labari.

Makonni biyu da duniya ta waiwayo

A ranar 4 ga Mayu, kusan mako uku da satar, Shugaba Jonathan ya yi magana a kai a hirar talabijin. Washegari Abubakar Shekau ya fitar da bidiyo yana cewa shi ya kwashe yaran, kuma zai sayar da su. Ranar 7 ga Mayu Michelle Obama, matar shugaban Amurka, ta wallafa hotonta riƙe da farar takarda ɗauke da kalmomin nan huɗu. Fafaroma Francis ya sa maudu'in a saƙonsa, firaministan Birtaniya David Cameron ya ɗaga takardar a talabijin, Malala Yousafzai ta shiga, mawaƙa da 'yan fim suka biyo. Kafin tsakiyar watan an yi amfani da maudu'in fiye da sau miliyan uku, kuma saƙonnin da suka fito daga Amurka sun kusa kamo na Najeriya yawa.

Lokacin ma ya taimaka. Daga 7 zuwa 9 ga Mayu Abuja ta karɓi baƙuncin taron tattalin arzikin duniya kan Afirka, 'yan jaridar ƙasashen waje sun cika gari. Gwamnati ta so a yi maganar zuba jari, su kuma suna tambayar Chibok. A wannan taro aka ƙaddamar da shirin kare makarantu tare da Gordon Brown, 'yan kasuwa suka yi alkawarin dala miliyan 10. Ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoton cewa sojoji sun sami gargaɗin harin sa'o'i huɗu kafin ya auku, sojoji suka musanta. Ranar 17 ga Mayu shugaban Faransa François Hollande ya tara shugabannin Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru da Benin a Paris. Amurka ta tura sojoji 80 Chadi don su sarrafa jiragen leƙen asiri marasa matuƙa. Ranar 22 ga Mayu Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa Boko Haram a jerin ƙungiyoyin da aka ƙaƙaba wa takunkumi.

Babbar nasarar wannan lokaci a cikin gida ta fi waɗannan duka sauƙin faɗa. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Birgediya Janar Ibrahim Sabo mai ritaya, wanda ya miƙa rahoto a watan Yuni: an sace ɗalibai 276, 57 sun kuɓuta, saura 219. Daga ranar hukuma ta sa hannu a kan adadi. Mai cewa ba a saci kowa ba yanzu da takardar gwamnatinsa yake jayayya.

Martanin masu mulki

Gwamnati ba ta karɓi matsin da hannu biyu ba. A farkon Mayu, bayan wani zama da uwargidan shugaban ƙasa, 'yan sanda sun tsare ɗaya daga cikin shugabannin matan Chibok na wasu sa'o'i. A ƙarshen watan wasu matasa suka afka wa masu zaman Unity Fountain suka farfasa kujeru, aka kuma ga wani gungu mai kishiyar take, wanda ke cewa Boko Haram za a roƙa ta saki yaran, a bar gwamnati ta huta. Ranar 2 ga Yuni kwamishinan 'yan sandan Abuja, Joseph Mbu, ya haramta zanga-zangar Chibok. Hedikwatar 'yan sanda ta warware maganar washegari, kotu ma ta ce ba shi da wannan hurumi. Jaridun Amurka suka bankaɗo cewa gwamnati ta ɗauki hayar kamfanin gyara suna na Levick a kan dala miliyan 1.2. Shugaban ƙasa bai gana da iyayen yaran ba sai ranar 22 ga Yuli, bayan Malala ta zo Abuja ta roƙe shi. A watan Satumba magoya bayansa suka kafa alluna masu kwaikwayon maudu'in don neman a dawo da shi mulki a 2015, abin ya jawo tsana har shi kansa ya sa aka cire su. A watan Oktoba aka sanar da tsagaita wuta da cewa yaran na hanya, Shekau ya fito ya ƙaryata.

An zargi masu gangamin da yi wa jam'iyyar APC aiki, kuma gaskiya ne Hadiza Bala Usman 'yar jam'iyyar ce, ta kuma riƙe muƙamai bayan zaɓe. Abin da ya faru bayan 2015 shi ya amsa zargin. Muhammadu Buhari ya ci zaɓe, ya faɗa a jawabin rantsuwarsa cewa ba za a ce an gama da Boko Haram ba sai an ceto 'yan matan Chibok. Masu jajayen kaya suka riƙe shi da wannan magana. A watan Satumbar 2016 'yan sanda suka tare su a hanyar fadar shugaban ƙasa, sabbin magoya bayan gwamnati suka fito suna zaginsu da irin kalmomin da magoya bayan Jonathan suka yi amfani da su a da. Mutane da yawa a Arewa da suka yi ta yaɗa maudu'in a 2014 sun yi tsit da mulki ya dawo hannun nasu. Wannan ma yana cikin tarihin, bai kamata mu tsallake shi ba.

Wa ya fito da yaran?

Shekara biyu cur ko ɗaya daga cikin 219 ɗin ba ta dawo ba. A watan Mayun 2016 'yan kato-da-gora suka tsinci ta farko a bakin Sambisa da jaririya a hannu. Ranar 13 ga Oktoban 2016 aka saki 21. Ranar 6 ga Mayun 2017 aka saki 82, a musayar wasu kwamandojin Boko Haram da ke tsare. Waɗannan sakin sun fito ne daga tattaunawar sirri ta tsawon watanni, wadda gwamnatin Suwizalan ta shiga tsakani, ƙungiyar agaji ta Red Cross ta yi jigila, lauyan Maiduguri Zannah Mustapha, wanda ke da makarantar marayu da ke karɓar 'ya'yan kowane ɓangare, ya yi ta kai-komo. Jiragen leƙen asirin manyan ƙasashe ba su ceto kowa ba. Wasu 'yan matan sun ci gaba da kuɓuta ɗaya-ɗaya a shekarun da suka biyo, akasari da 'ya'ya. A cikar shekara goma, a Afrilun 2024, fiye da 80 ba su dawo ba. Iyaye da dama sun rasu suna jira.

To ina rawar gangamin a nan? Shi ya sa gwamnatoci biyu suka kasa binne maganar, shi ya sa aka ga dole a zauna a teburin ciniki. Ba don shi ba, da wuya wata ƙasar Turai ta ɓata shekaru a kan 'ya'yan talakawan wani gari da ba ta taɓa jin sunansa ba. Amma akwai ɗaya gefen. 'Yan jaridar Wall Street Journal biyu, Joe Parkinson da Drew Hinshaw, waɗanda suka rubuta littafi a kan lamarin a 2021, sun nuna cewa shaharar da yaran suka yi ta ɗaga darajarsu a idon masu riƙe da su. Sun zama kadara mafi tsada a hannun Shekau, ana tsaronsu fiye da sauran fursunoni, ana jan ciniki. 'Yan jaridar sun ruwaito cewa an biya Yuro miliyan 3 a sakin biyun, gwamnati ta musanta biyan fansa.

Ko an biya ko ba a biya ba, masu bindiga sun ɗauki darasi cewa ɗalibai su ne hanyar da ta fi saurin jan hankalin hukuma. Dapchi a Fabrairun 2018, 'yan mata 110. Ƙanƙara a Disambar 2020, yara maza fiye da 300. A 2021 kaɗai an yi Kagara da Jangebe da Afaka da Islamiyyar Tegina da Birnin Yawuri. Kuriga a Maris ɗin 2024. Ƙungiyar Save the Children ta ƙirga ɗalibai fiye da 1,600 da aka sace daga makarantu tsakanin 2014 da lokacin rahotonta na 2023. Ba adalci ba ne a ɗora wannan a kan iyayen da suka yi kuka ko waɗanda suka taya su. Laifin na masu satar ne da hukumar da ta bar makarantu a buɗe ba tsaro. Sai dai duk mai shirin tayar da gangami ya san cewa abokin gaba ma yana karanta abin da ake wallafawa.

Waɗanda fitila ba ta haska ba

Mu koma Buni Yadi. Mako bakwai ne tsakaninsa da Chibok, amma yaran da aka kashe a can ba su sami maudu'i ba. A ƙarshen 2014 Boko Haram ta kama garin Damasak da ke kan iyakar Nijar. Da sojojin Chadi da Nijar suka kore su a Maris ɗin 2015, sun tafi da mata da yara kusan 400, cikinsu har da ɗaliban firamare aƙalla 300, kamar yadda Human Rights Watch ta tattara a rahotonta na 2016. Adadin ya fi na Chibok, amma mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa rubuta sunan Damasak? Amnesty ta ce daga farkon 2014 zuwa Afrilun 2015 an sace mata da 'yan mata aƙalla 2,000.

Bambancin yana da dalilai da za a iya gani. Chibok tana da 'ya'yanta masu ilimi a Abuja da Legas, tana da ƙungiyar ci gaban al'ummar Kibaku, tana da coci-coci masu alaƙa da ƙasashen waje, tana da rajistar jarrabawa mai sunaye da hotuna. Iyayenta sun yarda su yi magana a gaban kyamara. Mutanen Damasak sun watse zuwa sansanonin gudun hijira a yankin Diffa, babu layin waya, babu mai rubuta sunaye, wasu kuma suna tsoron fushin hukuma in sun yi magana. Intanet tana ƙara wa murya ƙarfi ne in akwai muryar da ta fara isa gare ta. Inda ba a rubuta komai ba, babu abin da za a yaɗa.

Akwai kuma batun harshe. Gangamin da Turanci aka yi shi, shi ya sa ya isa Washington cikin kwanaki. Amma Shekau da Hausa yake yawancin jawabansa, yana magana kai tsaye da mutanen da ke zaune a bakin dajin. Iyayen yaran kuwa sun fi jin labarin 'ya'yansu ta rediyo, a sassan Hausa na BBC da Muryar Amurka da DW da RFI. Muhawarar da ta fi muhimmanci ga makomar karatun 'ya mace a ƙauyukanmu, wato ko uba zai sake tura 'yarsa makarantar kwana, a tsakar gida da majalisar ƙofar gida aka yi ta, cikin Hausa da Kanuri da Kibaku. Rubutun da aka tanada mata a waɗannan harsuna bai taka kara ya karya ba in an gwada da tarin da aka yi da Turanci.

Sannan gaggawa ta haifi kurakurai. Hoton wata yarinya mai hawaye da ya fi kowane yawo a makonnin farko ba 'yar Chibok ba ce, ba ma 'yar Najeriya ba ce. Ba'amurkiya mai ɗaukar hoto Ami Vitale ce ta ɗauke shi a Gini Bisau shekaru kafin satar, wani ya ƙara masa hawaye da kwamfuta ya manna maudu'in. Mai hoton ta yi ta roƙo a cire. Duk irin wannan kuskure makami ne a hannun masu cewa labarin ƙarya ne.

Littattafan da aka binne a Sambisa

Yayin da duniya ke wallafa kalmomi huɗu, wasu daga cikin yaran suna nasu rubutun a cikin daji. An raba musu littattafan rubutu don darasin karatun addini, sai wasu suka mayar da su kundin abin da ke faruwa da su. Da Turanci suka fi rubutawa, da ɗan Hausa a wasu wurare. Suna ɓoye littattafan a cikin tufafi, suna binne su a ƙasa in an zo bincike, wasu an gano an ƙona. Wasu kuma sukan kwafi na wasu don kada labarin ya ɓace in an kama guda. Da aka saki 82 a 2017, an fito da biyu daga cikin littattafan a ɓoye, marubuciya Adaobi Tricia Nwaubani ta karanta su ta ba da rahoto a kansu a wannan shekara.

Daga waɗannan shafuka aka san abin da miliyoyin saƙonni ba su sani ba. A cewar kundin, maharan ba satar ɗalibai ce ta kawo su ba, injin buga bulo suka zo ɗauka. Da suka ga yaran sai suka yi ta gardama a kan yadda za su yi da su, wani ya ce a ƙone su, aka tsaya a kan a kai su wurin Shekau ya yanke hukunci. Kundin ya ba da labarin bulala, da matsin lambar aure da sauya addini, da waɗanda suka gudu mutanen ƙauye suka mayar da su, da yadda suke raba ɗan abinci a tsakaninsu. Duk wanda zai rubuta tarihin wannan lamari nan da shekara hamsin, wurin waɗannan 'yan littattafai zai koma. An kuma sami littattafai daga waje: Helon Habila ya je Chibok ya rubuta nasa a 2016, Isha Sesay ta fitar da nata a 2019. Duk da Turanci ne.

Abin da ya rage mana

A watan Yunin 2021 gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, ba ta buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna suka biyo baya. Dandalin da aka yi gangamin Chibok a kansa ya sauya mai shi, ya sauya suna, saƙonni da yawa na 2014 sun ɓace tare da shafukan da aka goge. Wurin da muke rubutu a kai na haya ne, mai gida ko hukuma na iya rufe ƙofa a kowane lokaci.

Saboda haka in aka yi wani abu a garinku, kafin ka nemi taken da zai yi tashe, nemi abin da kwamitin Janar Sabo ya ɗauki makonni kafin ya tabbatar: rana, wuri, adadi, da wanda ya gani da idonsa. Kada ka sa hoton da ba ka san inda aka ɗauke shi ba. Ka tambayi iyalin kafin ka bayyana sunan wadda aka sace, domin ita za ta dawo ta zauna a cikin mutanen da suka karanta. Ka faɗi abu guda da kake nema da ofishin da kake nema a wurinsa. Ka rubuta da Hausar da mahaifiyar yaron za ta gane in an karanta mata. Ka ajiye kwafi a wajen waya. Sannan ka koma bayan wata shida, lokacin da kowa ya tafi wani zance, ka rubuta abin da ya biyo baya, ko da gwamnan da ke kan kujera naka ne.

Akwai iyayen Damasak da Buni Yadi da Tegina da Birnin Yawuri da har yau ba wanda ya zauna da su da alƙalami ya ji labarinsu daga farko zuwa ƙarshe. Da yawansu suna jin Hausa, wasu ma maƙwabtan wasu daga cikinmu ne. Wanda yake neman abin da zai rubuta a littafinsa na farko, ga shi nan a kusa.

Allah Ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri. Mai gyara ko ƙarin bayani, musamman 'yan'uwanmu na Borno da Yobe da Diffa, bismillah. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.